Mayaƙa a Tafin Hannu: Daga Dokin Laka na Damargu zuwa Sojan Dalma na Turai

A kwarin Tarka, kamar sauran ƙasar Damargu, damina ce ke kawo wa yara kayan wasa. Idan tabki ya fara janyewa ya bar laka mai danƙo a bakinsa, ƴaƴan manoma da na makiyaya sukan duƙufa suna gina shanu da raƙuma da dawaki. Mai gwanin hannu yakan ɗora wa dokinsa mahayi, ya soka masa tsinke a maimakon mashi, ya shafa masa toka ko jar ƙasa domin a bambanta rundunarsa da ta abokinsa, sa'an nan a ja daga a kan rairayi. Manya sukan kira wannan shiririta, alhali ƙera mayaƙi ɗan ƙarami sana'a ce mai dogon tarihi.

A ƙasar Nijar ma akwai shaida. A shekarar 1975 aka gano wata tsohuwar maƙabarta a Bura, wajen Tera, masanin tarihi Bube Gado kuma ya haƙa wurin a 1983. Cikin abin da ya fito har da mutum-mutumin mahayi bisa dokinsa, na gasasshen yumɓu, hannunsa cike da mundaye. Ba domin wasa aka yi shi ba, kayan kabari ne. Amma ya nuna cewa tun ƙarnoni masu yawa da suka shuɗe magina a wannan yanki suka ɗauki barde abin da ya cancanci a ƙanƙanta shi a adana. Bayan an baje kolin kayan a Faris a 1993, ɓarayin kayan tarihi suka far wa wuraren suka yi musu ƙarƙaf.

Turawa sun bi wata hanya daban, ta barikin soja. A 1812 wani Bajamushe mai suna Reisswitz ya gabatar wa sarkin Furusiya wasan yaƙi da ake yi a kan tebur, ɗansa kuma ya gyara shi a 1824 har rundunar ƙasar ta karɓe shi domin horar da hafsoshi. Ƴan gutattsarin dalma ne masu launin ja da shuɗi ake turawa a kan taswira, ba su da fuska ba su da tufafi. Fuska ta zo ne daga masu ƙera kayan wasan yara. A 1893 kamfanin William Britain na Ingila ya fara zuba sojojin dalma masu rami a ciki, suka yi araha, a 1913 kuma marubuci H. G. Wells ya wallafa dokokin yaƙi da su a daɓen ɗaki. Dodanni da matsafa sun shigo fagen ne a Amurka a 1971 ta wasan Chainmail, kafin kamfanin Games Workshop ya fito da Warhammer a 1983, ya mai da birnin Nottingham cibiyar sana'ar.

Abin lura shi ne, ana sayar da waɗannan mayaƙa ba launi. Tsawon kowanne bai fi milimita 28 ko ɗoriya kaɗan ba, mai saye ne zai zauna da siririn buroshi ya yi masa fenti: shafen farko domin launi ya kama, sa'an nan launin tufa da na fata, sa'an nan tsinkakken baƙi da ke gangarawa cikin lungunan riga ya fito da inuwa, daga ƙarshe a taɓa tudun kafaɗa da bakin takobi da haske. Mayaƙi guda kan ci yini. Kuma duk wanda ya ɗauki buroshi dole ya yanke hukunci a kan wane ne wannan mutum, me yake sawa, a ɓangaren wa yake.

Wannan hukunci ya shafi Damargu kai tsaye. Ƙasar ta kasance rumbun geron Abzin, kuma mashigar ayarin da ke tsakanin Agadas da Damagaram da Kano. Ta nan Heinrich Barth ya ratsa a watan Janairu na 1851 tare da ayarin gishiri. A nan aka haifi Kawsan, wanda ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Kudu da nan kuma bardayen Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka gwabza da Faransawa a Tirmini a 1899. Mutumin rawani da amawali, da barde mai lifidi, sun isa idon Turai ta zanen matafiya, irin na littafin Denham da Clapperton na 1826 mai ɗauke da hoton mahayin Barno cikin sulke da na Bagirmi cikin lifidi.

To, da siffar ta shiga wasan almara, wane matsayi aka ba ta? Tun 2001 Games Workshop ke ƙera mayaƙan labarin The Lord of the Rings na Tolkien. A cikinsu akwai mutanen kudu da ake kira Haradrim, masu rufe fuska, masu masu da giwayen yaƙi, kuma suna cikin rundunar mugun sarki. An ari amawalin, an bar ma'anarsa a baya. Ga Buzu, rufe baki alamar kunya ce da girmama surukai da manya. A kan teburin wasa ya koma alamar maƙarƙashiya. Mai fenti a Turai zai shafa baƙi ko ja yadda ya ga dama, bai san turkuɗin Kura ba, mai ƙyallin da ke rina goshin mai shi, bai san farar garkuwar fatar warwaji ba, balle lifidin da ake cusa wa audugar rimi a ɗinke shi da ƙyallaye ja da rawaya da kore. Wannan ilimi yana nan wurin dukawa da marina da maɗinka, ana kuma ganin sauransa a hawan salla na Damagaram.

Akwai malaman makaranta da ke ɗari-ɗari da duk wani mutum-mutumi, kuma dalilinsu sananne ne. Sai dai malaman fiƙihu da dama sun keɓe kayan wasan yara daga hanin, suna kafa hujja da ƴan tsanan Nana A'isha, Allah ya yarda da ita. A ruwayar Abu Dawuda, cikinsu har da doki mai fikafikai biyu na ƙyalle, wanda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gani ya yi dariya. Doki mai fikafikai kuwa halittar almara ce tsantsa, kamar Dodon tatsuniya da macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura, waɗanda har yau ba su da siffa guda da kowa ya amince da ita, sai wadda kowace kaka ta zana wa jikokinta da baki.