Launin da na'ura ke ɗora wa hotunan kakanninmu

Kwanakin nan duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na mutanen Barmu da Tawa ya ga abin da ake yayi: tsohon hoto baƙi da fari, na kaka ko na ɗan bida da ya aiko daga Abijan, sai ga shi ya dawo da launi kamar jiya anka ɗauke shi. Abin da ban sha'awa, amma ya kamata mu san inda launin nan ya fito.

Sa wa hoto launi ba yau ya fara ba. Tun shekarun 1840 masu hoto a Turai ke shafa shi da hannu, da ɗan buroshi. A 1907 ƴan'uwa biyu, su Lumière na birnin Lyon a Faransa, sunka fara saida Autochrome, gilashin da ke kama launi da ƙwayoyin garin dankalin turawa da anka rina. Kodachrome ya biyo baya a 1935. Amma nan wajenmu baƙi da fari ya daɗe yana cin kasuwa. Da shi Seydou Keïta ya yi aiki a shagon da ya buɗe a Bamako a 1948, da shi Philippe Koudjina ya ɗauki samari da ƴan matan Yamai bayan samun ƴancin kai. Sai a shekarun 1980 injunan wanke hoto mai launi sunka yawaita a manyan biranen yankinmu.

A Fabrairun 1990 kamfanin Adobe ya fito da Photoshop, aikin Thomas da John Knoll. Daga nan canza launi ya zama aikin ƴan mintoci, rigima kuma ba ta jima ba. A Yunin 1994 mujallar Time ta Amurka ta ƙara wa fuskar O. J. Simpson duhu a bangonta, alhali Newsweek ta buga hoton yadda yake. Mutane sunka jera su biyu, sunka ce an yi amfani da launi don a nuna shi mugu tun alƙali bai zauna ba. A 2020 kuma MyHeritage ta buɗe manhajar da ke sa wa tsohon hoto launi da kanta. Irinta ce yau ke cikin salular yaranmu.

To ga inda gizo ke saƙa. Hoto baƙi da fari haske da duhu kaɗai ya adana. Na'ura kintace take yi, daga ɗimbin hotunan da ta koya, waɗanda ba a Adar anka ɗauke su ba. Tutar ƙasarmu da sauƙi, tun 23 ga Nuwamban 1959 mun san launinta. Amma alashon da anka rina da baba a Kura, kusa da Kano, anka buge shi har yana ƙyalli, wanda dattijo ke saida dabba ya saya, na'ura na iya maida shi ruwan ƙasa kamar yadin kanti. Fatar kaka ma takan yi hasken da ba ta taɓa yi ba. Jikan da bai ga na asali ba, wanga zai ɗauka gaskiya.

Ba mu ce a bari ba. Roƙonmu uku ne. A adana hoton asali, a ɗauke shi da salula kafin a taɓa shi. A tambayi tsofaffin gida launin rigar da zanen tun suna raye, su ne sunka gani da ido. In an tura mai launi, a rubuta a ƙarƙashinsa cewa na'ura ce ta sa.

Wanda ke da tsohon hoton kasuwar Barmu ko na Tawa, ya turo mana shi yadda yake, tare da sunan wurin da shekarar. Allah ya jiƙan magabata.