Wadan tauraro: yadda ƙyalƙyalin haskensa ke tona asirin gajimarensa

Jama'a, yau zan ɗan yi bayani a kan wata halitta ta sararin samaniya da ke tsakanin tauraro da duniya. Masana suna kiranta wadan tauraro mai ruwan ƙasa. Nauyinsa yana kamawa daga ninki 13 zuwa kusan ninki 80 na duniyar Jufita. Ya fi ƙarfin a ce masa duniya, amma bai kai nauyin da zai kunna wutar haidurojin a cikinsa kamar rana ba. Saboda haka da zafinsa ake haifarsa, sai ya yi ta hucewa a hankali. A shekarar 1995 aka fara tabbatar da irinsa.

Mene ne ke sa haskensa hawa da sauka?

Nisansa ya sa ko babbar na'urar hangen nesa ɗigo ɗaya kawai take gani. To amma ɗigon nan ba ya zama a haske ɗaya: ya ƙaru, ya ragu, ya sake ƙaruwa. Dalili shi ne gajimare. Kada mai karatu ya ɗauka irin namu ne na ruwa. Wannan na ƙurar dutse ne da ƙarfe. Inda ya yi kauri, yana tare hasken da ke tasowa daga ƙasa mai zafi. Inda ya yage kuwa, sai hasken ya ɓullo. Yayin da wadan ke juyawa, wani lokaci ɓangare mai kauri ne ke fuskantarmu, wani lokaci mai yagewa.

Daga nan masana ke karanta abu uku. Lokacin da hasken ke ɗauka kafin ya maimaita salonsa, shi ne tsawon kwanansa. Idan salon ya sauya daga juyi zuwa juyi, gajimaren ne ke motsi, wato akwai sauyin yanayi ke nan. Sannan kowane launi na hasken zafi, wanda ido ba ya gani, daga zurfi daban yake fitowa, don haka ana iya leƙa iskar hawa-hawa.

Wannan ƙyalƙyali ya fi ƙarfi idan wadan ya huce zuwa wajen digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos, lokacin da gajimaren ke tsattsagewa yana nutsewa ƙasa.

Misalai biyu

Na farko shi ne Luhman 16, wasu tagwaye da Kevin Luhman ya gano a 2013, masu nisan tafiyar haske ta shekara shida da rabi. Ɗayansu, Luhman 16B, yana juyawa cikin kusan awa biyar. A 2014 Ian Crossfield da abokan aikinsa suka yi amfani da babbar na'urar hangen nesa da ke ƙasar Chile, suka zana taswirar fuskarsa mai tabo-tabo na haske da duhu.

Na biyu SIMP 0136, mai nisan kusan shekarar haske 20, wanda kwanansa awa 2.4 ne kacal. Binciken da aka fitar a 2025 da na'urar James Webb ya nuna ba gajimare kaɗai ke aiki ba. Can ƙasa gajimaren ƙarfe, samansa na ƙurar dutse, can sama kuma bambancin zafi ne ke sauya hasken.

A ganina, babban amfanin wannan bincike yana ga duniyoyin da ke zagaya wasu taurari. Su hasken tauraronsu ne ke rufe su, auna iskarsu sai da wahala. Wadan tauraro kuwa sau da yawa shi kaɗai yake yawo cikin duhu, ga shi zafinsa da iskarsa sun yi kama da na manyan duniyoyin nan. A kansa masana ke koyon karatun yanayi, kafin su juya na'urorinsu ga duniyoyin da suka fi wuyar gani.