Miyar fiza: Asalinta, yadda ake haɗa ta a gida da yadda ake adana ta

Fiza, wadda masu shaguna ke rubutawa "pizza" a allunansu, gasasshen kwaɓin fulawa ne mai faɗi da ake shafa wa miyar tumatir, a barbaɗa cuku da sauran kayan haɗi. Ta samu karɓuwa a birane irin su Kano da Kaduna da Abuja, kuma tsadarta a gidajen abinci ta sa iyalai da dama suna gwada yin ta a gida. Akasarin masu gwadawar kan zuba hankalinsu ga kwaɓi da cuku, su ɗauka cewa ragowar miyar shinkafa ma za ta wadatar. Daga nan asara take farawa. Miyar da ruwa ko mai ya yi mata yawa takan jiƙa kwaɓin, tsakiyarsa ya ƙi gasuwa, kuɗin fulawa da cuku da iskar gas su tafi a banza.

Abin da ake nema a miyar fiza shi ne kauri da ɗanɗanon tumatir zalla. Kayan ƙamshinta kaɗan ne, manta kaɗan ne, kuma zafin murhun da za a yi gashin shi ke nuna ko a dafa ta ko a shafa ta ɗanya.

Asalinta

Tumatir ɗan asalin Kudancin Amurka ne, kuma mutanen ƙasar da ake kira Meziko a yau sun daɗe suna nomansa kafin Sifaniyawa su kai shi Turai a ƙarni na 16. A Italiya, masanin tsirrai Pietro Andrea Mattioli ya ambace shi a rubuce a 1544, amma an ɗauki lokaci mai tsawo mutane suna ɗari-ɗari da cin sa, saboda danginsa a cikin tsirrai akwai masu guba. Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan miyar tumatir da aka buga yana cikin littafin girki na Antonio Latini, wanda ya fito a birnin Nafoli a shekarun 1690.

A wannan birni ne talakawa suka fara shafa tumatir a kan gasasshen kwaɓi, suna saye a bakin titi a farashi mai rahusa. Labarin da ya shahara shi ne, a 1889 wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita fiza mai jan tumatir da farin cuku da koren ganye, launukan tutar Italiya ke nan, aka sanya wa wannan nau'i sunanta. Wasu masana tarihi suna shakkar labarin, amma sunan ya zauna. Italiyawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tafi da sana'ar, kuma daga can ta bazu a duniya.

Mutanen Nafoli suna kishin wannan abinci ƙwarai. A 1984 suka kafa ƙungiyar Associazione Verace Pizza Napoletana domin tsare ƙa'idojinsa, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sanya fasahar masu gasa fiza na birnin a jerin al'adun da duniya ta gada.

Ɗanya ko dafaffiya

A Nafoli ba a ɗora miyar fiza a wuta. Ana murtsuke ɓararren tumatir da hannu, a sa gishiri, a shafa. Dalili kuwa shi ne murhunsu na itace yana haura digiri 430 a ma'aunin Selshiyos, fiza tana gasuwa cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Wannan zafi yana ƙone ruwan tumatirin nan take, ya bar ɗanɗanonsa sabo. Wanda ya taɓa ganin yadda gurasa ke gasuwa a jikin tanderu zai fahimci abin da wuta mai ƙarfi take yi wa kwaɓi cikin ɗan lokaci.

Oben ɗin gida kuwa da wuya ya wuce digiri 250, kuma fiza takan ɗauki minti 8 zuwa 15 a cikinsa. Tumatir kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne, saboda haka idan aka shafa shi ɗanye a irin wannan zafi, ruwan yakan sauka cikin kwaɓin kafin ya ƙone. Shi ya sa dafaffiyar miya mai kauri ta fi dacewa da mai gashi a gida, musamman wanda yake amfani da tukunya ko kasko a maimakon oben.

Zaɓen tumatir

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Italiyawa sun fi daraja tumatirin San Marzano, dogo mai tsoka da ƙarancin 'ya'ya, wanda ake nomawa a ƙasa mai albarka kusa da dutsen Besubiyus mai aman wuta. Ba dole sai an same shi ba. Dogon tumatir mai tauri da ake nomawa a filayen rani na Kadawa da Kura a Jihar Kano, wanda 'yan kasuwa ke kira UTC, yana da siffofin da ake buƙata: tsoka mai yawa, ruwa kaɗan. A zaɓi wanda ya nuna jajir, ba mai kore a gindi, ba ruɓaɓɓe. Tumatirin damina mai ruwa da tsami yana buƙatar doguwar dahuwa, kuma abin da za a samu a ƙarshe kaɗan ne. Lokacin rani, sa'ad da kwanduna suka cika kasuwa farashi ya sauka, shi ne lokacin da ya fi dacewa a yi miya mai yawa a daskarar.

Kayan haɗi

Domin fiza huɗu zuwa biyar masu faɗin santimita 30 ana buƙatar:

Tumatir kilo 1
Man zaitun babban cokali 2
Tafarnuwa ƙwaya 2 ko 3
Gishiri ƙaramin cokali 1
Busasshen ganyen origano ƙaramin cokali 1
Ganyen ɗoɗɗoya 4 ko 5
Masoro ko garin barkono ɗan kaɗan, ga mai so

Ganyen da Italiyawa ke sawa ɗan uwan ɗoɗɗoya ne, amma ƙamshin tamu ya fi ƙarfi, don haka kaɗan ya isa. Idan babu man zaitun, man gyaɗa mai kyau zai yi. Manja, daddawa, kori da dunƙulen magi suna danne ɗanɗanon tumatir, su mayar da miyar ta shinkafa. Cuku da nama ko kifin da za a ɗora a sama suna da nasu gishirin, shi ya sa ba a cika wa miyar gishiri.

Yadda ake haɗawa

A wanke tumatir, a ɗan tsaga fatar kowanne a gindi, a tsoma cikin tafasasshen ruwa na daƙiƙa 30 zuwa 60, a kwashe a zuba cikin ruwan sanyi. Fatar za ta saɓule cikin sauƙi. A raba shi biyu, a cire 'ya'yan da ruwan da ke kewaye da su, sannan a murtsuke tsokar da hannu ko a goga a magogi.

Kai tumatir injin markaɗe kuskure ne, domin ana ƙara masa ruwa, kuma yakan kwaso ɗanɗanon attaruhu da albasar waɗanda aka yi wa markaɗe a baya. Bilenda ma idan ta daɗe tana juyawa takan cusa iska a cikinsa, jan launin ya koɗe, ta kuma fasa 'ya'yan su kawo ɗaci.

A zuba mai a tukunya a kan wuta kaɗan, a sa daddakakkiyar tafarnuwa na kusan rabin minti, kada ta yi ja. A zuba tumatir da gishiri da origano, a bar tukunyar a buɗe domin tururi ya fita, ana juyawa lokaci-lokaci na minti 25 zuwa 40. Alamar ta yi ita ce idan aka ja cokali a gindin tukunya, hanyar da ya bari ba ta rufewa nan da nan. A sauke, a yayyaga ɗoɗɗoya a ciki. Tukunyar da ba ta tsatsa ko mai rufin tangaran ta fi ta dalma, saboda tsamin tumatir yana cin dalma ya sauya ɗanɗanon miya.

Dahuwa da mai tana da wani amfani ga lafiya, domin tana sauƙaƙa wa jiki tsotse laikofin, sinadarin da ke ba tumatir jan launinsa.

Sa'ad da ɗanyen tumatir ya yi tsada, tumatirin gwangwani ko na leda zai iya tsayawa a madadinsa. A dama shi da ruwa daidai da yawansa ko fiye kaɗan, a soya a mai na minti 5 zuwa 10 har ƙarnin gwangwani ya fita. A duba rubutun jikin ledar, domin wasu an riga an haɗa su da barkono da albasa.

Tsami da yawan miya

Idan miya ta yi tsami, rabin ƙaramin cokalin sukari yana rufe shi a harshe. Kanwa ko bakin soda suna kashe tsamin gaba ɗaya, amma suna dusashe launi, kuma idan suka yi yawa miyar takan yi salam. Ɗan tsami ma ana son sa, shi ke yanke maiƙon cuku.

Sai miya ta huce ake shafawa, domin mai zafi tana narkar da kwaɓi. Babban cokali 4 zuwa 5 sun isa fiza ɗaya. A fara daga tsakiya ana zagayawa da bayan cokali, a bar kimanin santimita 2 a gefe ba miya, kuma a sa a wuta nan take.

Adanawa

A nan ne batun ya shafi lafiyar iyali. Miyar da aka dafa kada ta wuce awa 2 a waje. A zuba ta a mazubi mai tsafta da murfi. A firiji tana kai kwana 3 zuwa 4, a firiza kuwa wata 3. Ya fi kyau a rarraba ta a ƙananan mazubai, kowanne na gashi ɗaya, domin kada a riƙa narkarwa ana sake daskarewa.

Waɗannan kwanaki suna aiki ne inda lantarki yake tsayawa. Firijin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyinsa na kusan awa 4 idan ba a buɗe shi ba. Miyar da ta narke ta kwana da ɗumi, ko ta yi kumfa, ko murfinta ya kumbura, zubarwa ake yi ba tare da an ɗanɗana ba.

Haɗari mafi girma shi ne ɗura miya a kwalba, a rufe bakinta da mai, a ajiye a kanta. Ƙwayar cutar da ke haddasa gubar botulizim tana yaɗuwa a wurin da babu iska kuma tsami ya yi ƙasa, kuma tafarnuwa da kanwa duk suna rage tsamin miya. Gubar tana shanye jijiyoyi, tana iya kashewa, kuma sau da yawa ba ta sauya wari ko ɗanɗano. Gidan da ba shi da tabbacin wuta ya fi masa aminci ya haɗa daidai abin da zai gasa a ranar, tunda kilo ɗaya na tumatir bai wuce aikin awa ɗaya ba.