Yadda Aka Fara Leƙa Cikin Ƙwayar Alkama Ba Tare da An Fasa Ta Ba

Tarihin da na ɗauko mana yau bai fi girman ƙwayar alkama ba, amma ku tsaya ku ji.

Ɗan Adam ya yi kusan shekara 10,000 yana noman alkama, tun daga yankin da yau ya haɗa Iraƙi, Siriya da Turkiyya. Duk tsawon lokacin nan, in kana son ganin cikin ƙwaya, sai dai ka fasa ta. Ko da madubin ƙara girma ya zo, har Marcello Malpighi na Italiya ya fitar da littafinsa kan sassan tsirrai a 1675, dole sai an yanka siriri sannan a duba. In ka yanka kuwa, siffar ta lalace.

A 1895, Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus, wannan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. A 1971 aka fara gwada na'urar CT ta Godfrey Hounsfield a kan mara lafiya a Landan. Ita na'urar tana ɗaukar hoto ta kowane gefe, sai kwamfuta ta harhaɗa ta fito da cikin abu gaba ɗaya. Daga baya aka ƙera irinta ta ƙananan abubuwa. To, a 2017 masu bincike a Jami'ar Aberystwyth ta Birtaniya suka sa zangarniyar alkama sukutum a ciki, suka auna ƙwayoyinta ba tare da sun sussuke ba. A 2019 wasu a Faransa suka bi ƙwayar mataki-mataki tana girma, har tsagin nan na cikinta.

Me ya sa ake wannan wahala? Saboda ƙwaya tana fara yin tsawo ne a makonni biyu na farko bayan fure, sannan ta shiga cika da gari. In zafi ya same ta tana cika, sai ta motse, buhu ya yi shafal.

Nan ne fa abin ya shafe mu. A Kadawa da Haɗeja, alkamar rani da sanyin hunturu take rayuwa. Manomi ya makara da shuka, zafin Maris ya riske ta, shi ke nan. An hana shigo da alkama a 1987, aka janye a 1992, kuma har yau yawancin fulawar burodinmu da gurasarmu daga alkamar waje take.

Doka ba ta cika ƙwaya, jama'a. Iri mai jure zafi ake nema, kuma sai an auna ake zaɓe. Ku masu karanta kimiyyar kwamfuta da lissafi, gona ma tana jiranku.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.