Yadda Aka Raba Rubutu da Adonsa a Shafukan Intanet

A ranar 10 ga Oktoba 1994, wani ɗan ƙasar Norwe mai suna Håkon Wium Lie, wanda ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a Suwizalan, ya fitar da wata gajeriyar takarda ɗauke da shawara guda: a bar rubutun shafin intanet a fayil ɗinsa, a kwashe duk umarnin kwalliyarsa, irin su launi da girman haruffa da tazarar layuka, a zuba a wani fayil daban. Shawarar nan ce ta zama abin da masu sana'ar gina shafuka ke kira CSS. Sai da aka kwashe kusan shekara goma ana kai ruwa rana kafin ta zauna da gindinta.

Tun asali, Tim Berners-Lee bai ƙirƙiro HTML, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, don ado ba. Masana kimiyya ya yi wa tanadi, kuma alamomin harshen ba sa faɗin komai sai matsayin kowane yanki na rubutu: wannan kanu ne, wannan sakin layi, wannan jeri, wannan mahaɗa ce zuwa wani shafi. Yadda abin zai fito a allo kuwa, aikin burauzar mai karatu ne. Amma da burauzar Mosaic ta bayyana a 1993 tana nuna hotuna a tsakiyar rubutu, 'yan kasuwa da mutanen ɗab'i suka shigo, kuma su ba su saba a buga musu abu ba tare da sun zaɓi kamanninsa ba. Kamfanin Netscape ya biya musu buƙata da alamar canza launi da girman haruffa, har da wata mai sa rubutu ƙyaftawa. Microsoft ya mayar da martani da tasa mai sa rubutu gudu daga wannan gefe zuwa wancan.

A 1996 David Siegel ya buga littafinsa Creating Killer Web Sites, wanda ya yaɗa dabaru biyu da suka mamaye sana'ar. Ta farko ita ce amfani da jadawali, wanda aka yi don jera alƙaluma, a matsayin ƙwarangwal ɗin shafi: jadawali cikin jadawali cikin jadawali, a ɓoye layukansa don kada ido ya gani. Ta biyu wani hoto ne mai girman ɗigo ɗaya tal, marar launi, wanda ake miƙewa ko faɗaɗawa don ya tokare rubutu ya tsaya inda ake so. Shafuka sun yi kyau, wannan ba a musu. Sai dai kyan ɗan maciji ne. Mai shafi ɗari biyar da ke son canza launin kanu sai ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Mai shiga intanet ta layin tarho yana zaune yana jiran ɗimbin alamomin da ba su ƙara masa ko harafi ba. Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne makaho mai dogaro da manhajar da ke karanta masa shafi da murya, don takan bi gidajen jadawalin tana tsinko magana a hargitse. Shekara ɗaya bayan littafin, Siegel da kansa ya rubuta maƙala yana amsa cewa da hannunsa a ɓata yanar gizo.

Abin da ya bambanta shawarar Lie da sauran da aka gabatar a lokacin shi ne ta ba mai karatu ta cewa. Marubuci ya faɗi adon da yake so, burauza tana da nata na asali, mai karatu ma yana iya cewa shi manyan haruffa yake buƙata saboda idonsa, sannan a bi ƙa'ida a tantance na wa zai rinjaya.  Bert Bos ɗan ƙasar Holan ya haɗa hannu da Lie, kuma ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da sigar farko, CSS1, a ranar 17 ga Disamba 1996, CSS2 ta biyo baya a 1998.

Ƙa'ida a takarda daban, aiki da ita daban. Burauzar Internet Explorer 3 ta Microsoft ta fahimci wani ɓangare kawai, Netscape 4 kuma takan birkita shafi gaba ɗaya. Kamfanoni suka koma gina shafi iri biyu, ɗaya don kowace burauza. Wannan asara ce ta sa Jeffrey Zeldman da George Olsen da Glenn Davis suka kafa Web Standards Project a 1998, suna matsa wa Netscape da Microsoft lamba su bi ƙa'ida ɗaya. Ko faɗin akwatin rubutu ba a yi ittifaƙi a kansa ba: Internet Explorer 5 ta Windows tana lissafa shi har da bango da tazarar ciki, alhali ƙa'ida ta ce ban da su. Tantek Çelik, wanda ya jagoranci gina injin Internet Explorer 5 ta Macintosh, ya fito da wata dabarar ba kowace burauza awon da za ta gane, kuma masu sana'ar suka yi shekaru suna kwafarta.

Manyan gidaje sun fara motsi a Oktoba 2002, lokacin da Douglas Bowman ya sake wa shafin labarai na Wired News gini ba tare da ƙwarangwal ɗin jadawali ba. ESPN ta bi sahu a 2003. Hujjarsu ta kuɗi ce: burauza na sauke fayil ɗin ado sau ɗaya ta adana, sauran shafuka su zo da sauƙin nauyi. Duk wanda ke sayen data yana lissafin megabait a wayarsa a Kano ko Maraɗi ya san amfanin wannan.

Masu zane kuwa ba su gamsu ba. A ganinsu shafukan CSS duk akwatuna ne marasa armashi. Dave Shea, wani mai zane a Bankuba ta Kanada, shi ya kashe bakinsu a Mayu 2003 da CSS Zen Garden. Ya ajiye fayil ɗin HTML guda ɗaya, ya gayyaci kowa ya ɗinka masa riga, bisa sharaɗin kada a taɓa ko alama ɗaya a cikinsa. Zane sama da 200 aka karɓa a hukumance. Mutum zai latsa ya ga shafi kamar tsohuwar jarida, ya sake latsawa ya ga ƙarƙashin teku, alhali kalmomin ba su canza ba. Gani ya kori ji.

Ribar wannan rabuwa ta fito sosai da wayoyin hannu suka zo. A Mayu 2010 Ethan Marcotte ya nuna a mujallar A List Apart yadda shafi ɗaya zai iya sake zama gwargwadon faɗin allo, ginshiƙi uku a kwamfuta, ɗaya a waya, duk daga fayil ɗin ado. Amma kayan aikin jera ginshiƙai na ainihi, wanda rashinsa ya tura mutane ga jadawali tun farko, bai iso ba sai a Maris 2017, watan da Firefox da Chrome da Safari suka fara aiki da CSS Grid, shekara ashirin da 'yan watanni bayan CSS1.