Daga Ɗan Jagora zuwa 'Yar Aiki: Mataimakin Nakasasshe a Tarihin Kano

Mataimakin nakasasshe, wato mutumin da ke tare da makaho ko gurgu ko kuturu yana yi masa abin da jikinsa ya gaza, tsohon matsayi ne a ƙasar Kano, ko da yake bai taɓa samun suna guda ba. A kan titi ɗan jagora ne. A cikin gida ɗan riƙo ne, ko bara, ko 'yar aiki, wani lokaci kuma almajirin da ke zuwa da hantsi ya koma makaranta da la'asar. Tarihin wannan matsayi yana tafiya ne da tambayar inda abincin mataimakin da ladansa za su fito, tunda wanda ake yi wa hidimar shi ma sau da yawa a hannun wasu yake ci. Yankin Nassarawa, wanda Bompai ke cikinsa, da unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa, sun ga kusan kowace amsa da aka taɓa ba wannan tambaya.

Kafin zuwan Turawa, nauyin yana kan dangi, kuma fiƙihun Malikiyya da malaman birni ke karantarwa ya tsara shi dalla-dalla. Uba yana ciyar da ɗansa namiji har ya balaga, amma idan ya balaga da nakasar da ta hana shi nema, ciyarwar ba ta faɗuwa. Ɗa mai hali kuma dole ne ya ciyar da iyayensa matalauta, kuma Muhtasar na Halil ya haɗa har da mai yi musu hidima a cikin wannan wajibi. Ke nan shari'a ta san cewa tsoho ko gajiyayye yana bukatar hannu na biyu, ta kuma faɗi aljihun da za a ciyar da wannan hannu. A gidajen sarauta da na attajirai bayi da kuyangi ne ke wannan aiki. Nassarawa kanta a lokacin gandun sarki ce, da gidan hutunsa da bayin da ke noma masa. A gidan talaka kuwa riƙo ne ya rufa asiri: a ɗauki jika ko ɗan ƙane a ba kakar da idonta ya mutu, ya ɗebo mata ruwa, ya kai ta makewayi, ya kwana a ɗakinta. Ba a biyan ɗan riƙo ko anini. Abin da ake sa ran zai samu shi ne albarka, da kayan ɗaki ko sadakin aure idan lokaci ya yi.

Wanda ba shi da dangi masu ƙarfi sai ya koma ga jama'a, ta hanyar zakka da sadaka. Nakasassun Kano ba su yi wannan nema a warwatse ba. Makafi suna da Sarkin Makafi, haka guragu da kutare suna da nasu sarakunan, masu sasanta rigima, da karɓar baƙo, da raba abin da aka aiko daga fada ko daga gidan mai kuɗi. Sunan unguwar Makafin Dala a cikin birni shaida ce ta daɗewar wannan zama.

A nan ne ɗan jagora ya zama sana'a. Yaro ne yawanci, ɗan shekara bakwai zuwa goma sha, yana riƙe da kan sanda a gaba, makahon na riƙe da gindinta a baya. Ta sandar suke magana. Idan yaron ya ɗaga ta kaɗan, akwai tudu ko dakali. Idan ya ja ta gefe, kwata ce ko jaki ya taho. Idan ya tsaya cak, an iso ƙofar gidan da ake bayarwa. Shi ke riƙe ƙoƙo, shi ke amsa amshi idan makahon ya ɗauko waƙen bara ko baitocin Imfiraji na Aliyu Namangi, malamin Zariya wanda shi ma makaho ne. Shi ne kuma ke gane kuɗi. Da yamma a zauna a zazzage abin da aka samu, hatsi gefe, kuɗi gefe. Idan yaron ɗan cikin makahon ne, babu rabo, tukunya ɗaya ce. Idan na aro ne daga maƙwabta ko daga ƙauye, sai a fitar da kasonsa bisa abin da aka yi alkawari da iyayensa. Tsarin yana da adalcinsa, domin ladan mataimaki yana hawa da sauka tare da samun ubangidansa. Aibinsa shi ne yaron ke biyan kuɗin da ba a lissafawa, tunda wanda ya wuni a gaban sanda bai zauna a gaban allo ba.

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka kafa mazauninsu a Nassarawa da Bompai, gabas da ganuwa. Dokar Lugga ta riga ta ce duk yaron da aka haifa bayan watan Maris na 1901 ɗa ne, sannan a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Hidimar gida ta fara rabuwa da mallaka, ta koma aikin albashi. Gidajen Turawa na Nassarawa ne makarantar wannan sabon salo: kuku, da boyi, da mai wanki, da mai gadi, kowa da aikinsa da kuɗinsa a ƙarshen wata, suna kwana a jerin ƙananan ɗakuna can ƙuryar fili. Da Turawa suka tafi, manyan ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa suka gaji gidajen har da ɗakunan da tsarin. Asibitocin mishan, irin asibitin ido da aka buɗe a Sabon Gari a 1943, da wuraren jinyar kutare kamar na Yadakunya, sun rage yawan masu bukatar jagora, amma wanda aka sallama gida ya koma hannun dangi.

Masana'antu ne suka kawo nakasa iri dabam. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa da fatu ya bunƙasa, Bompai ta zama unguwar masana'antu ta farko: matsar man gyaɗa, masaƙu, alewa, sabulu, kwanukan tasa, haɗa kekuna. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 da kuɗin mai na shekarun 1970, aka buɗe Sharaɗa da Challawa, inda majemu da kamfanonin roba da leda suka yi yawa. Dubban magidanta daga ƙauyuka suka zauna a Gwagwarwa da Tudun Wada da Dakata da Kawaji, suna shiga aiki da ƙarar jiniya. Makahon da ƙyanda ko agana ta makantar, da gurgun da shan-inna ta kama, sun tashi da nakasarsu tun yarinta, sun koyi zama da ita, kuma akwai jama'arsu da sarkinsu. Leburan da injin narkar da roba ya datse wa yatsu huɗu a aikin dare, ko wanda ruwan guba na majema ya fantsamar masa a ido, jiya-jiya shi ne mai ciyar da mutum takwas. Ba shi da gurbi a wajen Sarkin Guragu, kuma kunya ba za ta bar shi ya riƙe ƙoƙo ba.

Tunanin biyan rauni da dukiya ba baƙo ba ne ga Bakano. Diyya a shari'a tana da ma'auni sananne: raƙuma 100 ga rai, 50 ga hannu ɗaya, 10 ga kowane yatsa. Abin da zamani ya ƙara shi ne ɗora biyan a kan mai kamfani ko da babu ganganci. Dokar diyyar ma'aikata ta farko ta zo ne a farkon shekarun 1940, aka maye gurbinta da ta 1987. Ita ta 1987 ta yanke albashin wata 42 ga iyalin wanda ya mutu a bakin aiki, da na wata 54 ga wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada. Sannan ta ƙara wani sashe da ba kowa ya san da shi ba: idan raunin ya kai mutum ba ya iya rayuwa sai da taimakon wani a kullum, za a ƙara masa kashi ɗaya cikin huɗu na diyyar. Kwatan wata 54 shi ne wata 13 da rabi. A nan ne dokar ma'aikata ta ambaci mataimakin nakasasshe a fili, ta yi masa farashi.

Farashin bai kai ko'ina ba. Albashin shekara ɗaya da wata ɗaya da rabi ne aka ware wa hidimar da za ta iya ɗaukar shekara talatin, kuma a dunƙule ake biya, sau ɗaya. Kuɗin dunƙule a gidan da ke da bashin asibiti da na mai shago ba ya kwana. Lokacin ma bai taimaka ba, domin dokar ta zo shekara guda bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, sa'ad da darajar naira ke zubewa, masaƙu da sauran kamfanoni suka fara rage ma'aikata, daga baya da yawa suka rufe saboda rashin wutar lantarki da kwararowar kayan waje. Leburan wucin gadi, wanda ake ɗauka a bakin ƙofa da safe ba tare da takarda ba, da wuya ya iya tabbatar da cewa shi ma'aikaci ne, balle ya kai ƙara. Sulhu a ofishin manaja, da kuɗin magani da ɗan abin sallama, shi ya fi yawa. Mataimakin da doka ta yi wa tanadi, a zahiri matar gida ce, ko babbar 'ya da aka cire daga makaranta, ko ɗan da ke tura keken guragu.

A watan Disamba na 2010 aka sa hannu a sabuwar dokar diyyar ma'aikata. Ta wajabta wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, ta kuma mayar da diyyar cikakkiyar nakasa biyan wata-wata, kashi 90 cikin 100 na albashi. Wannan ya fi dacewa da mai bukatar ɗaukar mataimaki, tunda shi ma mataimakin wata-wata ake biyansa. Amfanin dai yana tsayawa ne ga wanda kamfaninsa ya yi masa rajista.

Shi kuwa aikin gida a Kano ya bi tasa hanyar. Akwai mata masu aikatau, zawarawa da dattijai, da ke zuwa wanke-wanke da shara su koma gidajensu. Akwai 'yan aiki, 'yan mata ƙanana da dillaliya ke kawowa daga ƙauye, su kwana a gidan, uwa ko dillaliyar ta zo karɓar kuɗin wata, sau da yawa don tara kayan ɗaki. Akwai almajiri mai uwar ɗaki, wanda ke yin aike da wanki da ɗiban ruwa a ba shi abinci da ɗan kuɗin sabulu. Gidan da ke da shanyayye ko tsohuwa makauniya yana ɗaukar ɗaya daga cikin ukun nan gwargwadon ƙarfinsa, kuma mafi araha ita ce mafi ƙanƙanta. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, amma yarinyar da aka ce 'yar riƙo ce, wa zai shiga gida ya tantance?

Almajiri mai uwar ɗaki shi ya fi kama da abin da Turai ke kira au pair, kalmar Faransanci mai nufin daidai wa daida: matashi ya bar ƙasarsu don koyon harshe, ya zauna da wani iyali kamar ɗan gida, yana taya su aiki a ba shi ɗaki da abinci da kuɗin kashewa. Yarjejeniyar Turai ta 1969 ta iyakance shekarunsa daga 17 zuwa 30, aikinsa kuma kada ya wuce awa biyar a rana, da hutun yini guda a mako. A Ingila, inda gwamnati ke biyan nakasasshe alawus na PIP tun 2013 ba tare da duban samunsa ba, mutum yana iya biyan irin wannan matashi daga alawus ɗin. Abin da ke damun mai karɓa a can shi ne ko zaman wani baligi a gidansa zai taɓa wasu tallafin da aka gina kan cewa shi kaɗai yake zaune. Nakasasshen Dakata bai kai ga wannan damuwa ba, don babu alawus ɗin da za a taɓa.

An gwada biyan wata-wata a maƙwabta. Jihar Jigawa, a zamanin Sule Lamido, ta fara ba nakasassu naira 7,000 a wata daga 2007. Kano ta fi ƙarfafa wajen hukumar zakka da hubusi da aka kafa a 2003, da rabon kekuna da jari, sannan a 2013 ta kafa dokar hana bara a kan titi, Hisbah na kamawa. Hanin ya taɓa tushen tsohon tsari kai tsaye, domin ƙoƙon da ke ciyar da makaho shi ke biyan ɗan jagora. Dokar tarayya ta hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta tanadi kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, da wa'adin shekara biyar na gyara gine-gine, ta kuma haramta amfani da nakasasshe wajen bara. Hukumar da za ta aiwatar da ita ta fara aiki a 2020. Sunan nakasassu ma ya sauya a rediyo da takardun gwamnati, ana cewa masu bukata ta musamman. Dokar ba ta yanka alawus na wata ba, ba ta kuma ambaci ladan mai hidima ba.

Wasu nakasassun sun rage bukatar mataimaki da hannunsu. Ƙungiyar waɗanda shan-inna ta shafa a Kano ta yi suna wajen ƙera keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, da gyara babur a ƙara masa ƙafafu, abin da ya sa gurgu ke zuwa kasuwa ba mai turawa. Makarantar Tudun Maliki tana koyar da makafi da kurame, kuma makahon da ya iya farar sanda da waya mai magana yana fita shi kaɗai. Wanda ya shanye kwance, ko leburan da ya rasa hannu biyu, har yanzu sai an ɗaga shi an kwantar, kuma a unguwannin da ke kewaye da Bompai da Sharaɗa mai yin wannan aiki yawanci matarsa ce ko 'yarsa, ko yarinyar da aka kawo daga ƙauye ana biyan uwarta daga abin da 'yan'uwa suka harhaɗa a ƙarshen wata.