Jiragen da Suka Ɗauki Gyaɗarmu da Mutanen da Teku Ta Riƙe

Idan dattawanmu na nan Agege suna ba da tarihin fatauci, labarin yakan ƙare ne a bakin ruwa. Za su faɗa maka yadda hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, yadda gyaɗa da auduga da ƙiraga da kuzar Jos suka riƙa gangarowa Ikko, aka auna, aka biya, kowa ya kama gabansa. To amma buhun da aka sauke a Apapa ai ba nan ya tsaya ba. Akwai waɗanda suka ɗauke shi suka ratsa teku da shi, kuma a yaƙe-yaƙen duniya biyu da yawansu ba su dawo ba. Su ne ma'aikatan jiragen ruwan kasuwanci, mutanen da ba soja ba, ba su da kaki, ba su da bindiga, amma suka mutu a yaƙi.

Bahaushe ɗan tudu ne, ya fi sanin jaki da raƙumi. Duk da haka kasuwarmu ta daɗe da shiga ruwa. Tun farkon ƙarni na 20 fatake irin su Alhassan Ɗantata suka gane cewa goron Gwanja ya fi saurin isowa idan aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, maimakon watannin da ayari ke yi a ƙasa. Kamfanin da ya riƙe hanyar ruwa tsakanin Liverpool ta Ingila da gaɓar Afirka ta Yamma shi ne Elder Dempster, wanda ke raɗa wa jiragensa sunayen garuruwan wannan yanki: Apapa, Accra, Abosso, Falaba. Kyaftin da manyan ma'aikata Turawa ne. Can ƙasa kuwa, inda ake zuba kwal a wutar inji cikin zafi kamar maƙera, da kicin, da wajen wanki, akwai baƙar fata da yawa: Kuru na Laberiya, mutanen Saliyo, da 'yan gaɓar Nijeriya, waɗanda yawansu ya ƙaru a lokacin yaƙi na biyu. Wanda ke ɗakin inji shi ne na ƙarshen fita idan nakiya ta fasa jirgi, in ma ya samu fita ke nan.

Dabarar Jamus a yaƙin biyu ɗaya ce: Ingila tsibiri ce, abincinta da kayan masana'antunta ta ruwa suke shiga, saboda haka a nutsar da jiragen kaya har yunwa ta durƙusar da ita. Da jiragen ƙarƙashin teku suka yi wannan aiki. Ranar 28 ga Maris 1915 aka nutsar da Falaba kwana ɗaya da barinsa Liverpool zuwa Afirka ta Yamma, mutum 104 suka halaka. Ranar 28 ga Nuwamba 1917 aka harbi Apapa a kusa da gaɓar Wales, yana gab da isa gida daga nan yankinmu, aka rasa mutum 77. A yaƙi na biyu, na Hitila, wani sabon jirgi mai suna Abosso ya taso daga Afirka ta Kudu shi kaɗai ba rakiya. Aka same shi a tsakiyar Tekun Atlantika ranar 29 ga Oktoba 1942. Cikin mutum 393, 31 kaɗai suka tsira.

Maganin da Turawa suka samo kuwa ba baƙo ba ne gare mu: ayari. Jiragen kaya su taru su tafi tare, jiragen yaƙi na rakiya a gefe, kamar yadda fatake ke bin madugu don tsoron 'yan fashi. Freetown ta Saliyo ita ce babban zangon da ayarin wannan yanki ke haɗuwa kafin ya nufi Ingila. Amma duba wani rashin tausayi: har zuwa 1941, ƙa'idar aiki ita ce albashin ma'aikacin jirgi ya tsaya ranar da jirginsa ya nutse. Mutum na cikin ƙaramin kwalekwale yana fama da ƙishirwa, a littafin kamfani kuwa an riga an sallame shi.

Akwai jirgi ɗaya da ya shafe mu kai tsaye, wato Mendi, shi ma na Elder Dempster. A ƙarshen 1916 yana cikin jiragen da suka kwashi sojojin Nijeriya zuwa Darussalam don yaƙar Jamus a Afirka ta Gabas, kuma kowa ya san yawan 'yan Arewa a rundunar wancan zamani, har Hausa ce harshen bariki. Bayan ya sauke su, ya ɗauki leburorin yaƙi baƙar fata daga Afirka ta Kudu, ya biyo ta nan Ikko, ya wuce Turai. Da asubahin 21 ga Fabrairu 1917, cikin hazo, wani jirgi mai suna Darro ya buge shi a mashigin ruwan Ingila. Mutum 616 na Afirka ta Kudu da ma'aikatan jirgin 30 suka nutse. Ka ga, jirgin da kakanninmu suka kwana cikinsa watanni kaɗan kafin nan.

To wanda teku ta ci ba shi da kabari. Ina iyalinsa za su je? Wannan tambaya ce ta sa aka gina wurin tunawa na Tower Hill a Landan. Sashen yaƙi na ɗaya Sarauniya Mary ce ta buɗe shi ranar 12 ga Disamba 1928, da sunaye wajen 12,000 a kan allunan tagulla. Na yaƙi na biyu Sarauniya Elizabeth ta buɗe ranar 5 ga Nuwamba 1955, da sunaye wajen 24,000. An jera su jirgi-jirgi: sunan jirgi, sunan kyaftin, sannan sauran ma'aikata bisa jerin baƙaƙe, ba a rubuta muƙamin kowa ba. A can birnin Kalkata na Indiya ma akwai hasumiyar da aka buɗe a 1924 don ma'aikatan jirgi 896 'yan wannan yanki da suka mutu a yaƙi na ɗaya. Ingila ta ware 3 ga Satumba don tunawa da waɗannan ma'aikata, domin a ranar aka nutsar da jirgin Athenia a 1939, ranar da ta shiga yaƙin. Afirka ta Kudu kuwa 21 ga Fabrairu ta mayar ranar sojojinta, ta kuma sa wa wani jirgin yaƙinta da wata lambar jarumta sunan Mendi.

Sai dai tagulla ba ta rubuta abin da ba a ba ta ba. Sunayen da ke bango daga littafin kamfani aka kwafo su, littafin kuwa akawu ne ya cika. Ma'aikaci baƙar fata sau da yawa da laƙabin da Bature ya raɗa masa ake rubuta shi, ko da sunan da kunnen akawu ya jiyo a karkace. Sai ka tarar mutum yana kan bango amma jikansa ba zai gane shi ba. Wasu ko hakan ba su samu ba. A watan Afrilu 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙi na ɗaya, galibinsu 'yan Afirka ta Gabas da Masar, ba a tuna da su da suna ba, adadin ma yana iya kaiwa 350,000. Gwamnatin Ingila ta nemi afuwa a majalisa. Afuwar ta zo bayan shekara ɗari, lokacin da masu iya faɗin sunayen duk sun kwanta dama.

A nan ne darasin yake gare mu mazauna zango. Mu ba mutanen gina gumaka ba ne, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa wanda ya mutu a ruwa yana cikin masu shahada, ladansa ba a bango yake ba. Amma rubuta suna wani abu ne daban. Mu ma baƙi ne da muka yi nisa da gida, kuma mun san yadda mutum ke ɓacewa: ya zo Kurmi neman abinci, kowa na kiransa Ɗan Katsina ko Dogo, ranar da ta Allah ta kasance ba wanda ya san sunan mahaifinsa ko ƙauyensu. Dubban 'yan Arewa sun hau jiragen ruwa zuwa Indiya a 1943 da 1944 don yaƙin Bama. Gidaje nawa ne a unguwar nan ke iya faɗin cikakken sunan nasu da ya tafi bai dawo ba?

Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ƙasar nan na tunawa da sojojinta. Kafin ranar ta zagayo, ya kamata matasanmu masu ilimi su ɗauki littafi da biro su zauna da tsofaffin da suka rage. A rubuta sunan yanka, sunan uba, garin asali, shekarar tafiya, da inda aka ji labarinsa na ƙarshe, ko soja ne, ko lebura a kwata, ko direba, ko ɗan kasuwar shanu da hanya ta ci. A ajiye kwafi a fadar Sarkin Hausawa, wani a masallacin Juma'a. Wannan ba ya buƙatar tagulla ko kuɗin gwamnati. Abin da yake buƙata shi ne a yi shi tun masu sani suna raye, domin da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Allah Ya jiƙan magabatanmu na tudu da na ruwa, Ya sa mu cika da imani.